Canjin Wurin Aiki: A Nemi Makarantar Yara Kafin A Kama Gida

Daga Wakilinmu

Canjin wurin aiki abu ne da ma'aikacin gwamnati ba shi da ikon kauce masa. Tun ranar da mutum ya sa hannu a takardar kama aiki ya riga ya amince za a iya tura shi duk inda ake bukatarsa, ko Birnin Kebbi ko Kalaba, ko wata ƙaramar hukuma wadda bai taɓa jin ko sunanta ba. Tarihin ƙasar nan cike yake da irin wannan ƙaura. Duk sa'ad da aka ƙirƙiro sababbin jihohi, watau a 1967 da 1976 da 1987 da 1991 da kuma 1996, sai dubban ma'aikata su ɗaure kayansu su nufi sababbin hedkwatoci, kamar su Katsina da Dutse da Damaturu da Gusau da Gombe. Haka nan aka yi lokacin da Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Legas ta koma Abuja ran 12 ga watan Disamba, 1991. Har gobe kuwa ba a fasa ba, kullum takardun canji suna fita daga ofisoshi.

To, amma idan takardar nan ta iso hannun magidanci, me yakan fara tunani? Da farko gidan haya, sa'an nan motar da za ta kwashe kaya, sa'an nan zirga-zirgar neman alawus a ofishin kuɗi. Maganar makarantar yara ita ce ta ƙarshe. Sai an sauke kaya an kafa gadaje tukuna za a tambayi maƙwabci wace firamare ce ta fi kusa, gari na wayewa a kai yaran a rubuta sunayensu, shi ke nan an huta. Ra'ayinmu shi ne wannan tsari a birkice yake, kuma 'ya'yanmu ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Kamata ya yi a fara neman makarantar gwamnati mai ƙarancin cunkoso, wadda ake karatu a cikinta da gaske, sa'an nan a nemi gida kusa da ita. Dalili kuwa a fili yake. Masu gidaje sun saba karɓar kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, wasu ma har shekara biyu, saboda haka wanda ya biya kafin ya dubi makaranta ya ɗaure kansa da duk wadda ya tarar a unguwar.

ASALIN CUNKOSO

Domin a fahimci abin da ya sa firamare mai ƙananan azuzuwa ta zama abin nema ruwa a jallo, sai mu waiwayi baya kaɗan. A zamanin En'e makarantun elementare ba su da yawa, kuma a wurare da dama sai da hakimai da dagatai suka matsa kafin iyaye su ba da 'ya'yansu. Al'amura suka sake a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2 da dubu 300 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Tun daga ranar farko ke nan ɗakuna da malamai suka kasa.

A watan Satumba na 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, watau UBE, aka kuma kafa masa doka a 2004. Dokar ta tilasta karatun shekara 9 kyauta, ta kuma keɓe kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓi kuɗin gine-gine. Niyyar kyakkyawa ce, amma ba a taɓa cim ma yawan yaran ba. Garuruwa suna ta faɗaɗa, jama'a suna kwararowa daga ƙauyuka, wasu don neman abinci, wasu don gudun fitina. Halin da ake ciki ya kai Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024.

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta faɗa a bugunta na 2004 cewa malami ɗaya zai riƙe yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa makarantun unguwannin da suka cika suka batse a manyan biranenmu ya san cewa aji mai yara 100 ko fiye ba baƙon abu ba ne.

LISSAFI MAI SAUƘI

Wani zai ce ai yawan yara ba kome ba ne, in dai malami ya iya aikinsa. Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka darasi minti 35 ne. A aji mai yara 35, kowane yaro yana da rabon minti guda na hankalin malami. A aji mai yara 120 kuwa rabonsa bai cika daƙiƙa 18 ba, kuma wannan in ba a ɓata ko minti ɗaya wajen kiran suna da tsawatar da masu surutu ba. Haka nan duban littattafai. In malami zai ba kowane littafi minti 2, na yara 35 zai ɗauke shi awa ɗaya da minti 10, na yara 120 kuwa awa 4 cur. Darasi ɗaya ke nan. Malamin da ya ga haka zai daina ba da aikin rubutu, ya koma ga abin da zai yiwu, watau ya faɗa yara su maimaita da ƙarfi. Ta nan ne ake samun ɗan aji biyar wanda ya haddace abin da ke kan allo tsaf, amma ba ya iya karanta sunan mahaifinsa a jikin ambulan.

An taɓa gwada wannan magana a kimiyyance. A Jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba yara fiye da 11,000 na makarantu 79 ta hanyar ƙuri'a, wasu a azuzuwa masu yara 13 zuwa 17, wasu a masu 22 zuwa 25, daga ajin share fage zuwa aji uku. 'Yan ƙananan azuzuwan suka fi ƙoƙari a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan talakawa su ne suka fi amfana. Abin lura shi ne, ajin da can suka kira babba bai ma kai adadin da manufarmu ta yarda da shi ba.

Yaron da aka yi wa ƙaura kuwa bukatarsa ta fi ta kowa. Ya bar abokansa, ya bar malamin da ya san shi, ya zo a tsakiyar manhaja, watakila an wuce inda ya tsaya ko kuma ba a iso ba. In aka jefa shi cikin yara 100, zai iya share zango guda malami bai riƙe sunansa ba, balle ya gane cewa bai iya rabawa ba. A ƙaramin aji kuwa, cikin mako guda an san shi, an san inda yake da rauni.

ƘANƘANTA KAƊAI BA TA ISA BA

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa duk makarantar da ba ta da yara da yawa mai kyau ce. Ruwa ba ya tsami banza. Wata makarantar ta ƙanƙance ne domin iyaye sun gaji sun kwashe 'ya'yansu. Wata kuma tana da yara 60 kacal, amma malami ɗaya ne ke riƙe da aji ɗaya har zuwa aji shida, shi ne kuma hedimasta, ran da ya tafi karɓar albashi an tashi ke nan.

Akwai darasi a kan wannan daga yammacin ƙasar Kenya, inda halin makarantu ya fi kama da namu. Tsakanin 2005 da 2007 wasu masana, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, sun bi sawun wani shiri da ya ba makarantu kuɗin ɗaukar ƙarin malami na kwantiragi a aji ɗaya, har yawan yara a aji ya sauko daga kimanin 82 zuwa 44. Yaran da suka faɗa hannun sababbin malaman sun ci gaba. Amma waɗanda suka zauna da tsofaffin malaman gwamnati ba su ƙaru da wani abin a-zo-a-gani ba, domin malaman da suka ga an rage musu nauyi sai suka rage shiga aji. Inda aka koya wa kwamitin iyaye yadda zai sa ido kuwa, wannan sakaci ya ragu. Biyu daga cikin masanan nan, Duflo da Kremer, suna cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2019.

Ashe abin nema abu uku ne a haɗe: aji marar cunkoso, malami a tsaye a cikinsa, da iyayen da suke bibiya. Maganar ingancin malami ma ba abin wasa ba ce. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma ba wanda ya musa cewa akwai gyara.

GANI YA KORI JI

To, yaya uba zai gane irin wannan makaranta a garin da yake baƙo? Ƙa'idojin aikin Gwamnatin Tarayya sun tanadar wa ma'aikacin da aka canja wa gari alawus na masauki na kwana 28 na farko. Shawararmu ita ce maigida ya yi gaba shi kaɗai, ya bar iyali su ƙarasa zangon da ake ciki, ya yi amfani da waɗannan kwanaki wajen bincike. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya fara da ofishin Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma, ya nemi Sakataren Ilmi ko wani mai duba makarantu, ya roƙi a nuna masa jerin makarantun yankin tare da yawan yara da malamai da ɗakunan kowace. Daga nan ya zaɓi uku ko huɗu ya taka da ƙafarsa. Kada ya je ran Litinin da sassafe lokacin da kowa yana nan, kada kuma ya aika cewa yana tafe. Ya je ran Talata ko Laraba, bayan an dawo daga tara, ya yi sallama da hedimasta cikin ladabi, ya nemi izinin zagayawa.

Ya ƙirga azuzuwa nawa ne ke da malami a gaban allo a wannan sa'a, nawa ne aka bar wa monita da tsumagiya. Ya ƙirga kawunan yaran ajin da ɗansa zai shiga, ya gwada da abin da ke cikin rajista, domin makarantar da ta rubuta 70 amma 30 ke zuwa tana da wata cuta dabam. Ya roƙi a ba shi littattafan rubutu na yara biyu ko uku, na gaba da na can baya, ya duba yaushe rabon da jan biro ya ratsa su. In hedimasta ya yarda, ya sa wani ɗan aji huɗu ya karanta masa layi biyu daga shafin da ba a koya musu ba tukuna. Wannan gwaji na minti biyar ya fi duk wani jawabi da za a yi masa a ofis.

Sa'an nan ya tambaya malamai nawa ne ke da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa da aka yarda da ita, shekara nawa hedimasta ya yi a wurin, kuma yaushe Ƙungiyar Iyaye da Malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta suka yi zama na ƙarshe. Akwai wata tambaya guda wadda amsarta ba ta ƙarya: shin malaman makarantar a nan 'ya'yansu suke karatu? Kada kuma ya raina mai gadi da matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, domin sun san malamin da ke zuwa ƙarfe bakwai da rabi da wanda ke zuwa ƙarfe goma. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ya dubi ruwan sha da bayan gida, musamman in 'ya'ya mata gare shi. Ya dubi hanyar da yaro zai bi, ko akwai babban titi ko kwazazzabo da zai tsallaka. Tun bayan sace ɗalibai a Kuriga ta Ƙaramar Hukumar Chikun a Jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, ba wanda zai ga laifin uban da ya tambayi katanga da nisan makaranta daga gidajen jama'a. Fenti da ƙaton allon suna kuwa, waɗannan ba su koyar da kowa.

INA AKE SAMUN SU?

Galibi cunkoso yana bin inda gari ke faɗaɗa, watau sababbin unguwanni na gefen birni inda haya ke da sauƙi, kamar Rigasa a Kaduna, ko Mararaba da Nyanya a kan hanyar shiga Abuja. A nan ne kuma ƙaramin ma'aikaci ya fi samun gida daidai aljihunsa. Makarantu masu sauƙin yara an fi samunsu a tsofaffin unguwannin ma'aikata, da barikokin soja da na 'yan sanda, da harabar jami'o'i da kwalejojin horon malamai. Wasu daga cikin waɗannan suna karɓar kuɗi, wasu kuma suna fifita 'ya'yan ma'aikatansu, saboda haka sai an tambaya. Haya kusa da irin waɗannan wurare takan fi tsada, gaskiya ne. Amma magidanci ya haɗa kuɗin motar kai yara da ɗauko su na kwana biyar a mako, har zango uku, ya ɗora a kan hayar gida mai arha, sa'an nan ya gwada. Sau da yawa araha ba ta ado.

Wanda aka tura wani sashe na ƙasa inda ba a jin harshen gidansa yana da ƙarin abin dubawa. Malaman ƙananan azuzuwa sukan yi bayani da harshen garin, ko Yarbanci ko Ibo ko Hausa, saboda haka ya tambaya ko akwai wasu yara baƙi a ajin da yadda ake tafiya da su. Kada kuma a bar tsohuwar makaranta sai an karɓi takardar shaidar canji da sakamakon yaro na zangunan baya, don kada a mai da shi baya ko a tura shi ajin da ya fi ƙarfinsa. Ɗan aji shida kuwa, wanda ke shirin jarrabawar shiga sakandare, in akwai dangin da za a amince musu, barinsa ya ƙarasa shekarar ya fi alheri.

ME ZAI HANA MAKARANTAR KUƊI?

Mun san da yawa daga cikin masu karatu za su ce duk wannan wahala ta mece ce, ga makarantu masu zaman kansu a kowane lungu. Ba mu ce duka ba su da kyau ba, akwai nagari ƙwarai. Haka kuma ba mu manta ba cewa yajin aiki yana korar iyaye daga makarantun gwamnati, kamar wanda malaman firamare na Birnin Tarayya suka yi a 2025 har fiye da wata uku. Amma mafi ƙanƙantar albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne, kuma akawu ko masinja mai 'ya'ya huɗu ba zai iya kuɗin nagarin ba. Abin da zai iya shi ne irin waɗanda ake buɗewa a gidan haya mai ɗaki huɗu, inda malamin ma bai daɗe da gama sakandare ba. Ajin ƙarami ne, amma awon da muka ambata a sama shi ma ya hau kansa.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi. Ma'aikatan gwamnati su ne ke rubuta kasafin kuɗin ilmi, su ne ke tura malamai, su ne ke duba makarantu. Ran da suka kwashe 'ya'yansu kaf daga makarantun gwamnati, to, makarantun sun rasa masu magana da yawunsu. Uba ɗaya da ya san ƙofar ofishin Sakataren Ilmi, ya kuma iya rubuta takardar koke, yana iya samo wa makaranta malamai biyu ko rufin kwano. Saboda haka wanda Allah ya ba shi sa'ar samun ƙaramar makaranta mai kyau, kada ya tsaya ga ajiye yaro a ƙofa. Ya shiga ƙungiyar iyaye, ya halarci taro, domin 'ya'yan manomi da na ɗan dako da ke ajin su ma su amfana da zuwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KIRA GA HUKUMA

A ƙarshe muna da roƙo uku. Na ɗaya, jihohi suna ƙidayar makarantu, Hukumar UBEC ma ta yi ƙidayar malamai da ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya a 2018 da 2022. Bai kamata waɗannan alƙaluma su ƙare a cikin fayil ba. A liƙa su a allon sanarwa na kowace hukumar ilmi a ƙananan hukumomi 774, a kuma sa su a intanet, makaranta bayan makaranta, don kowane uba ya gani, kowane kansila kuma ya ji kunyar tasa.

Na biyu, shugabannin ma'aikata su riƙa fitar da takardun canjin da ba na gaggawa ba a daidai dogon hutu, tsakanin Yuli da Satumba, tare da sanarwar aƙalla wata biyu. Wannan ba zai ci wa gwamnati ko kwabo ba.

Na uku, inda makaranta ɗaya ta tara dubban yara, a daina ƙara mata ɗakuna a fili guda har ta fi ƙarfin hedimasta. A raba ta, a gina ƙanana a cikin unguwanni, kowace da shugabanta, a kuma daidaita rabon malamai tsakanin makarantun tsakiyar gari da na gefe. Jihohin da suka bar kasonsu na kuɗin UBE a Abuja saboda rashin kawo nasu rabin su hanzarta su karɓo.

Ga ɗalibanmu na kwalejojin horon malamai da jami'o'i kuwa, waɗanda gobe su ne malaman kuma su ne iyayen, muna cewa su riƙe wannan awo tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidan da bai yi ba ana iya sake shi baɗi, amma yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, gyaransa sai an sha wuya. Allah ya sa iyaye da hukuma su ji, su kuma yi aiki da abin da suka ji, amin.